Tsamiyar da Toma Ya Hana Girma

Duk wanda ya zauna a bakin iyakar Fagge da Sabon Gari a shekarun nan na hamsin ya san Toma, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon mutumin nan mai ɗingishi da ake hangowa a kan soron gidan Iya Wasilatu duk ƙarshen bazara, da gajeren wandon soja duk faci, yana yaɓe. 'Yan unguwa Toma-Boma suke ce masa, saboda ya je yaƙin Boma ya dawo. Waɗanda suka dawo tare da shi, wani ya sayi keke, wani ya kafa tebur, wani ya ƙarar da kuɗin sallamarsa a gidan giya cikin wata uku, wanda shi ma dai an san inda ya sa gaba. Toma kuwa abin da ya dawo da shi daga wannan uwa duniya, ban da raunin ƙafa, dabara ce ta hana bishiya girma. Ka ji fa. Kowa na neman abin da zai ƙaru, shi ya ƙetare teku ya koyo yadda ake tsuke abu.

Mutumin ƙasar Zariya ne, Kirista, daga wani ƙauye kusa da Wusasa. Da aka sallame su a shekarar arba'in da shida bai koma gona ba, don ƙafar ba za ta iya huɗa ba. Ya ɗauko matarsa Salomi suka hau jirgi suka sauka Kano. Salomi ta kafa kaskon ƙosai a bakin tashar jirgi, shi kuma Allah ya haɗa shi da Iya Wasilatu, wata Bayarabiya da ta tsufa a Kano, mai sarin atamfa a wurin Kwarori, Larabawan nan 'yan kasuwa, a Kantin Kwari tana kaiwa kasuwar Sabon Gari. Gidanta ɗaki goma sha ɗaya ne, rabi soro rabi kwano, kusan duk 'yan haya. Ta ba Toma ɗakin da ke jikin zaure kyauta, da sharaɗin gyaran gidan gaba ɗaya ya hau wuyansa.

Wuyan nasa kuwa ya ɗauka. Kafin ruwan farko ya sauka, shi zai kwaɓa ƙasa da makuba ya bi soraye yana toshe tsaga, ya zaro tsummokara da gashin kaji da suka cushe indararo, ya ƙwanƙwasa azara ɗaya bayan ɗaya ya ji wadda gara ta cinye ta ciki. Ɓangaren kwano kuma ya narka kwalta a tsohuwar garwa ya liƙe duk ramin ƙusa. Shi ne yasar kwata, shi ne shafa farar ƙasa gab da salla, shi ne gyaran sakata da ƙyaure. 'Yan hayar gidan kuwa, Allah ya shirye su, irin mutanen nan ne da za su zuba ƙanzo da toka a kwata da hannunsu, in ta toshe su riƙe ƙugu suna ƙwala wa Soja kira kamar shi ya zuba. Sannu ma babu mai ce masa. A bayan gida wajen rijiya ya tada ɗan lambu, alayyafo da yakuwa da barkono da gwanda biyu, ya kewaye da lalle. Matan gidan su tsinka ba tambaya, har su dawo suna ƙorafin barkonon ba yaji.

Toma bai taɓa ɗaga murya kan wannan ba, amma kada a ɗauka haƙuri ne. Hankalinsa ne ba ya wurin. Hankalinsa na kan wani kasko da ya ɗora bisa bulo uku a tsakar gida.

Asalin abin, bayan an gama yaƙi an sa su gadin fursunonin Japan a wani sansani kusa da Rangun. A cikin fursunonin akwai wani dattijo da ke rainon wata 'yar bishiya a cikin kwanon cin abinci na soja. Tsawonta bai wuce taƙi guda ba, amma ga gindi, ga rassa, ga ɓawo duk ya tsattsage kamar na tsohuwar bishiya. Wata rana Toma ya tsuguna ya daidaita idonsa da bakin kwanon, sai ya ga kamar yana hango wata babbar bishiya daga nesa, irin wadda ake cin kasuwa a gindinta. Ya ji ƙirjinsa ya yi sanyi, abin da rabonsa da shi tun kafin su shiga dajin nan da ya cinye abokansa. Wata huɗu yana tsugunawa gefen dattijon. Ba ya jin yarensa, shi ma ba ya jin nasa, sai nuni da hannu: nan za ka yanke, nan za ka bari, nan za ka lanƙwasa. Kalma ɗaya tak ya riƙe, bonsai, ita ma bai taɓa samun wanda zai faɗa wa ba.

Da ya zauna a Kano ya fara gwadawa. Mangwaro ya mutu. Kuka ta ruɓe daga ƙasa. Darbejiya ta ƙi jin magana, yau ka yanke jibi ta fi da. Sai wani ƙwallon tsamiya da ya tsinta a cikin dusar kunun Salomi, shi ne ya tsiro ya kuma yarda. Duk shekara gab da damina zai zare ta daga kasko a hankali, ya kakkaɓe ƙasar da tsinke, ya datse uwar saiwa da duk saiwar da ta yi kauri, ya bar ƙananan nan masu kama da gashi. Ya haɗa sabuwar ƙasa da yashi da ƙasar suri da ɗan busasshen taki, ya mayar da ita. Rassan kuma ya nannaɗe su da wayar jan ƙarfe da yake tsintowa a bolar Loko, inda ake gyaran kan jirgi, yana lanƙwasa su kaɗan-kaɗan, wata bayan wata. Ban ruwa da gwangwanin madara yake yi, wanda ya huhhuda da ƙusa. Akwai wani lanƙwasa da ya sa wa gindin, ya karkata hagu sannan ya dawo dama, kamar bishiyar da iska ta daɗe tana turawa. Wannan kaɗai ya ci masa shekara biyar.

Da yamma in ya gama yasar ƙazantar mutane, sai ya wanke hannu ya zo ya tsuguna gabanta, yana kallon 'yan ganyen suna rufewa biyu-biyu har duhu ya fara. Nan ne duk daɗinsa na duniya. Allah bai ba su haihuwa ba, shi da Salomi, kuma ba sa maganar.

Salomi ba ta ga abin burgewa ba. "Maigida," takan ce, "tsamiyar mutane ana kunu da ita, ana hutawa a inuwarta. Taka ko kaza ba za ta fake ba." A rikicin shekarar hamsin da uku, lokacin da Fagge da Sabon Gari suka yi wa juna ca, gidan Iya na tsakiya, kowa ya kwashi abin da ya fi so ya yi ta kansa. Iya ta ɗaure atamfofinta, wani tela ɗan haya ya saɓi kekensa. Toma ya bar wa Salomi akwati da tabarma da tukwane, shi ya ɗora kasko a ka, yana takawa a hankali har bakin tasha don kada ƙasar ta zube. Salomi ba ta taɓa yafe masa wannan ba, kuma tana da gaskiya.

A bazarar hamsin da shida tsamiyar ta cika shekara tara. Tsawonta taƙi biyu, kaurin gindinta kamar na rake. A wannan shekarar ne Toma ya ga abin da ya daɗe yana jira, wasu 'yan ƙullutu ja-ja a ƙarshen rassa uku. Za ta yi fure. Ya yini yana murmushi shi kaɗai a kan soro, har tela ya tambayi Salomi ko ciwon yaƙin ne ya motsa.

A wannan shekarar kuma Muinat, 'yar Iya, ta dawo gida da goyo. Mijinta direban babbar mota ne, yau Jos gobe Legas. 'Ya'ya biyu ta binne kafin wannan, don haka yarinyar, Sikira, kowa na kiranta 'yar wabi. Shekararta biyu da rabi, ba ta tafiya, ko tsayuwa ba ta yi. To, ina za ta yi? Tsoro ya sa uwar ba ta sauke ta. Daga bayan uwa sai bayan kaka, daga bayan kaka sai cinya. In aka ajiye ta a tabarma ta yi ɗan motsi, mutum uku ne za su yi rige-rigen ɗauka. Ƙafar yarinyar nan ba ta san ɗumin ƙasa ba. Toma ya gani, Salomi ta gani, duk mai ido ya gani. Amma wa zai gaya wa mai gida cewa ita ce ciwon jikarta? Aka yi ta jiƙe-jiƙe da turare da layu, har wuyan yarinyar ya fi ƙafarta nauyi.

Cikin masu kawo layun akwai Hambali, wani ɗan tsibbu da ke shimfiɗa buzu a gindin katangar makwabta. Karatunsa bai kai ya kawo ba, malaman Fagge na gaskiya ko gaisuwarsa ba sa amsawa da kyau, amma yana da baki, kuma ya san inda tsoron mata yake. Ya gwada rubutu, ya gwada hayaƙi, yarinya na nan jiya i yau, Iya kuma ta fara yi masa kallon banza. Ranar nan ya fito daga ɗakin Muinat yana neman abin da zai kama, sai idonsa ya faɗa kan kasko. Kaskon kuwa yana daidai ƙofar ɗakin, don nan ne hantsi ke fara sauka a gidan.

Ya matso ya tsuguna. "Soja, wannan mece ce?"

"Tsamiya ce, Malam."

"Tsamiya? Ta yaushe?"

"Shekararta tara."

Hambali ya ɗago ya dube shi. "Shekara tara, ga ta kamar an shuka bara? Me ya same ta?"

Nan Toma ya tafka wautar da ta fi kowace a rayuwarsa. Shekara tara babu mahalukin da ya taɓa tambayarsa komai game da bishiyar nan, sai ga wani ya tsuguna yana tambaya. Daɗi ya kwashe shi. Ya ajiye tsintsiya, baki har kunne, ya shiga bayani. Ya ce ai shi ya hana ta girma, da hannunsa. Ya nuna wayar jan ƙarfen. Ya faɗi yadda yake tono ta duk shekara ya yanke mata saiwa. Ya faɗi wanda ya koya masa, da ƙasar da ya koyo. Bai rage komai ba. Matan gida suka bar daka suka kewaye su, shi kuwa gani yake yau dai an san darajar aikinsa.

"To, don me kake yi?" in ji Hambali. "Sayarwa za ka yi?"

"A'a."

"Magani ce?"

"A'a, Malam. Don in kalla ne kawai."

Matan suka dubi juna. Da ya ce maganin basir ce, da an zauna lafiya, har a roƙe shi ganye. Amma a ce ƙato da gemunsa ya yi shekara tara yana wahala kan abin da ba a ci, ba a sayarwa, ba a sha, wai don ya kalla? A duk faɗin Fagge da Sabon Gari, Musulmi da Kirista, babu wanda zai haɗiye wannan. Ga shi kuma ba kowace bishiya ba, tsamiya, wadda kowa ya san su wa ke zama a kanta. An tsuke ta a kasko, an naɗe ta da jan ƙarfe, an yanke mata ƙafafu, an girke ta a ƙofar yarinyar da ta kasa tashi. Hambali ma bai sha wahalar ƙirƙira komai ba, Toma ya gama yi masa aikin. Ya miƙe yana karkaɗe riga, ya dubi Iya, ya dubi kaskon, ya dubi ƙafafun Sikira da ke reto a bayan uwarta, ya girgiza kai ya fita.

Babu wanda ya tsaya lissafin cewa tsamiyar ta girmi yarinyar da shekara shida da rabi. Kafin la'asar labari ya kai famfon unguwa. Kafin magariba an ƙara masa gishiri: ai shi ya sa matarsa ba ta haihu ba, da ita ya fara. Matan da suka shekara tara suna cin alayyafonsa suka ce dama su tun farko jikinsu bai ba su ba. Washegari Salomi ta dawo daga tasha da rabin ƙullunta, ta zauna bakin gado ta juya masa baya.

Toma ya sha jinin jikinsa. Ya tafi neman mai shaida, ya ɗauko Malam Albert, dattijo a cocinsu, babban akawu a ofishin Reluwe, mutumin da ke yawo da jarida a hammata ko ina za shi. Toma ya tabbata mai ilimin boko zai san cewa a wata ƙasa wannan sana'a ce ta masu hankali. Albert ya zo da kwat da tabarau, ya zagaya kaskon sau biyu hannuwa a baya, ya yi gyaran murya. Ya ce shi dai duk karatunsa bai taɓa cin karo da irin wannan ba, kuma Kirista na gari ya kamata ya nisanci duk abin da ya yi kama da tsafi. Iya ta gode masa, ta ba shi goro. Toma ya rako shi zaure. A nan Albert ya waiga hagu da dama, ya rage murya.

"Ɗan'uwa Toma, tsakaninmu. Akwai wani yaro a ofis da Bature ke neman ɗorawa a kaina. In na kawo maka sunansa da ƙwallon tsamiya, kwana nawa abin yake ɗauka?"

Toma ya juya ya koma cikin gida. Ilimin boko ke nan, da tabarau da komai.

Da yamma Iya ta sa aka kira shi. Tana zaune a kujera 'yar tsugune, Hambali na gefe a kan buzu, Muinat na tsaye idanu sun kumbura. Ita kam abin tausayi ce, tsoro ne ya cinye ta.

"Soja," in ji Iya, "shekara goma kana gidana, ban taɓa kama ka da sata ba. Shi ya sa ban kira 'yan doka ba. Malam ya ce kada a ƙona abin nan, kada a sare, in ta mutu yarinya ta mutu. Kwance ta za a yi, a sa ta a ƙasa ta girma."

"Iya, wallahi babu ruwan bishiyar nan da Sikira. Ku sauke yarinyar ƙasa, ku bar ta ta yi rarrafe, za ku gani."

"Kai za ka koya mini raino? Nawa ka haifa?"

Maganar ta soke shi, ya haɗiye. "To, ki bar ni in fitar da ita daga gidan. In kai ta wani wuri."

"Ta fita da ƙafafun jikata? Babu inda za ta. Ko ka kwance ta da hannunka ka zauna a ɗakinka, ko ka kwashe kayanka gobe Malam ya kwance."

Toma ya dubi hannun Hambali, faratan nan zaƙo-zaƙo. Ya san in mutumin nan ya fizgi wayar, da ɓawon zai haɗa, kafin sati bishiyar ta bushe. Ya san kuma ɗaki a Sabon Gari, ga damina ta ƙarato, ba gurgu mara albashi ake ba wa ba. Ya koma ɗaki ya tarar Salomi ta ji komai ta taga. Ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya fi masa sauƙi. Cewa ta yi, "Maigida, na ɗauki akwati sau ɗaya saboda ita. Ba zan ƙara ba."

Da hantsi ya fito da kaskon tsakiyar gida. Duk 'yan haya sun ƙi fita aiki, har da na makwabta a kan katanga. Ya zauna a ƙasa ya miƙe ƙafar nan mai ciwo, ya fara warware wayar daga ƙaramin reshe na sama. Bai yanke ko ɗaya ba, warwarewa ya yi ta yi, zagaye bayan zagaye, yana tallafe kowane reshe da yatsa. Ya kusa awa biyu. Duk wayar da ya cire, Hambali ya sa tsinke ya ɗauke ya jefa a ƙwarya yana motsa baki, wai kada ya taɓa da hannu. Matan na ta salati, wata har da cewa ta ji abu ya wuce ta gefen kunnenta. Toma bai ɗago ba. Kunya yake ji, kunyar dattijon nan na Rangun da ko sunansa bai sani ba.

Hambali ne ya zaɓi wurin dasawa, taku ɗaya daga katangar gabas. Toma ya ce wurin ya yi kusa, saiwar tsamiya za ta shiga ƙarƙashin gini. Aka ce ya rufe baki, ya yi abin da aka sa shi. Ya haƙa rami, ya zuba taki, ya sa ta, ya danna ƙasa da tafin hannu. Ya kakkafa 'yan sanduna ya kewaye ta saboda awaki. Aka fasa kaskon, aka kai ɓaraguzan bola. Iya ta karɓe almakashinsa ta kulle a akwatinta. Cikin kwana huɗu 'yan ƙullutun furen suka zube, ko ɗaya bai buɗe ba.

Hambali ya ƙara da wani umarni, don aikin ya yi kama da aiki: kullum da safe a zaunar da yarinya a ƙasa gaban tsamiyar, kada kowa ya ɗauke ta sai rana ta take, ko da ta yi kuka. Abin da Toma ya faɗa kyauta aka ce ya yi rashin kunya, shi ne wannan ya faɗa aka ce hikima. Sikira ta yi kukan kwana uku, uwarta na kuka daga ɗaki. A na huɗu ta ja gindi. Ruwa ya sauka, tsamiya ta ji ƙasa ba iyaka, ta fara fitar da toho tsaye tsaye kamar bulala. Kafin wata biyu yarinya ta kama sandunan da Toma ya kafa ta miƙe. Kafin kaka tana bin kaji da gudu.

Sai ka zo ka ga biki. Iya ta yanka rago, ta ɗinka wa Hambali riga 'yar Dikwa, ta sa aka kira masu ganga daga Sabon Gari. Hambali ya tashi daga gindin katanga ya kama ɗaki da labule, mata na layi. Toma kuma aka aiko masa da ƙafar rago ɗaya da saƙon cewa Iya ta yafe masa, tunda ya tuba. Yafewar nan ta fi zagin ciwo, don yanzu babu sauran mai shakka. Ko Salomi, da ta san gaskiya sarai, wani lokacin yakan kama ta tana kallon yarinyar, sannan ta kalli bishiyar.

Daga nan aikinsa ya ƙaru da guda. Tunda ran Sikira na jikin tsamiya, dole tsamiya ta yi ta girma, kuma wa ya san sirrinta in ba shi ba? Garwa biyu safe, garwa biyu yamma, rani da damina. Takin tumaki duk wata. Ganye ɗaya ba a yarda ya tsinka ba. Rassan da ya yi shekaru yana kwantarwa suka miƙe sama, sababbi suka fito ta ko'ina, cunkus, ba tsari, kamar kan da bai ga mataji ba. Yana gani da idonsa inda ya kamata a yanke, yatsunsa har motsi suke yi, sai ya sa hannun a aljihu. A shekara ta biyu katangar gabas ta tsage daga ƙasa, kamar yadda ya faɗa. Iya ta ce ai sakacinsa ne, bai iya yaɓe ba. Ya kwaɓa ƙasa ya toshe, bayan damina ta sake buɗewa, ya sake toshewa.

Duk ranar Juma'ar farkon wata, kafin ta tafi kasuwa, Iya takan tsayar da Sikira jikin bishiyar, ta ciro tef ɗin awon atamfa ta auna su duka biyun. Ranar da nake ba ku labari, a ƙarshen hamsin da tara, tsamiyar ta kai kafaɗar katanga, gindinta ya yi kaurin taɓarya. Toma ya kawo garwar safe ya tsuguna zai zuba. Ya daɗe yana da wata al'ada da babu wanda ya lura da ita: kafin ya zuba ruwa yakan sa hannu can ƙasa ya shafa lanƙwasan nan na gindi, hagu sannan dama, abu ɗaya da ya rage nasa a jikin bishiyar. Kowace shekara kauri na cike shi kaɗan-kaɗan. Ran nan ya shafa bai ji shi ba. Ya zagaya da hannun ta baya, ya tone ƙasar gindin da yatsa, ya sake shafawa tun daga ƙasa har sama. Gindi ne miƙaƙƙe sambal, irin na kowace tsamiya da ke bakin hanyar Katsina.

Ya daɗe a tsugune da hannu a jikinta. Idonsa ya cika, ya sunkuyar da kai don kada matan su gani su ce wani abin yake karantawa.

Iya ta naɗe tef ɗinta tana tsaki. "Soja, wannan watan ba ta ƙaru sosai ba. Ko ka fara yi mana wasa ne?"

"A'a, Iya."

"To, a ƙara mata taki."

"To, Iya," in ji Toma. Ya juye ruwan, ya dafa gwiwa ya miƙe, ya ɗauki kwando ya nufi turken tumaki.